Ekene Mai Taya da Ajiyar Bitrus

Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina da na Ekene mai taya a Kakuri, kuma mun yi shekara ashirin da biyu a haka. In ya kunna injin iskarsa, har kwalbar man kekena sai ta yi rawa. Don haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba. Sunana Edith, ni ce yayar Bitrus direba, kuma ina da hannu a cikin abin da zan faɗa. Gara in faɗa da bakina tun yanzu kafin wani ya riga ni.

A Kakuri aka haifi Ekene. Ubansa makanike ne da ya zo daga ƙasar Ibo zamanin da masaƙu ke aiki, zamanin da in aka tashi ma'aikata da yamma ba ka ganin kwalta don yawan ƙafafu. Ekene ya tashi da Hausa a baki kamar kowane ɗan unguwa. In ya je garinsu da Kirsimeti, cewa suke ɗan Hausa ya zo. In ya dawo, mu ce ɗan Ibo ya dawo. Shi bai taɓa damuwa ba, ya ce in ana neman wanda ya san kowane rami a titin Kakuri, a zo a same shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabarau da ya ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Zaren ma ni na ba shi. Fara'a kuwa Allah bai ba shi da yawa ba, 'yar wadda ya samu ma a gida yake barinta, wurin matarsa Philomena da 'ya'yansu mata biyu.

Da faci ya fara, a gindin wata dalbejiya kusa da ƙofar masaƙa, da bahon ruwa da famfon hannu. Kekunan ma'aikata ne suka ciyar da shi shekara goma. Da masaƙu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kekuna suka ragu, mutane suka riƙa tattara komatsansu suna barin unguwa, sai ya kama shagon da ke jikin nawa ya koma sayar da tayar mota. 'Yan'uwansa biyu sun koma gabas suna ta kiransa, ya ce in ya je can wa ya sani.

Ban taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki kamarsa ba. Mutum zai tsaya da mota, ya nuna taya ya ce a ba shi. Maimakon Ekene ya miƙe da rawar jiki, sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Ina za ka da ita?” Daga nan tambaya ta bi tambaya: mutane kake ɗauka ko buhuna, cikin gari kake yawo ko doguwar hanya. In motar lodi ce aka nuna tayar ƙaramar mota, ba zai sayar ba, ko da girman ya yi daidai da wili. Iska ma ba ya ɗurawa da ka. Sai ya buɗe ƙofar direba ya karanta abin da maƙeran motar suka rubuta, kuma ya fi so a zo masa da safe kafin taya ta ɗau zafi. Wata rana wani mai shagon magani ya zo da tayoyin gwanjo guda biyu da ya samo da arha, zanensu da zurfi har yatsa na shiga, yana ta murna, a ɗaura masa kawai. Ekene ya juya ɗaya ya nuna masa wani ɗan hoton dutse a gefe. Ya ce, “Oga, wannan ta ƙasar ƙanƙara ce. Don sanyi Turawa suka yi ta. Ka hau kwaltar Abuja da ita a watan Maris, laushi za ta yi kamar tuwo.” Mutumin ya kwashi kayansa ya tsallaka titi, masu faci na can suka ɗaura masa ba wa'azi.

Babban abin da aka san shi da shi shi ne karanta shekarun taya. Ya ce kowace taya da ranar haihuwarta a jiki: lambobi huɗu ne a cikin wani ɗan zagaye a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Mu dai zane muke kallo, in bai suɗe ba mu ce taya lafiya lau. Shi kuwa ya ce roba tsufa take yi ko ta taka ƙasa ko ba ta taka ba, kuma a wannan zafin namu in ta haura shekara biyar ya fara yi mata kallon tsohuwa. Har a wurin jana'iza na gan shi ya duƙa gefen motar ɗaukar gawa yana goge lamba da babban yatsa. Direbobin Kakuri suka sa masa suna Likita, rabi yabo rabi ba'a. Philomena ta sha zuwa shagona ta zauna tana ƙorafi, wai waɗanda suka fara sana'ar a bayansa sun yi gini a Sabon Tasha, su har yau suna gidan haya. Ni ma nakan leƙa in ce, “Oga Ekene, kai ɗan kasuwa ne ko fasto?” Sai ya ce, “Madam Edith, ni barci nake so in riƙa yi.” Iyakar bayaninsa ke nan.

Ƙanena Bitrus kuwa akasinsa ne. Dogo, mai dariya, wanda tun daga bakin titi za ka san ya shigo layi. Tun yana saurayi yake tuƙa motar mutane: ta masaƙa har aka rufe ta, ta wata makaranta, sannan ta wani ɗan kasuwa mai kai kaya ƙauyuka. Yadda suka ƙulla abota da Ekene ban sani ba. Na dai wayi gari na ga kullum da yamma suna buga dara a kan benci tsakanin shagunanmu, Bitrus na zuba surutu, Ekene na cinye shi. Bitrus na kiransa Nna, wato baba da yaren Ibo, shi kuma yana kiran Bitrus Direba. Shekarar da gari ya rikice, Bitrus ne ya kwashi Philomena da yara ya kai su ƙauyenmu kusa da Zonkwa, suka yi wata guda a ɗakin babarmu. Ekene bai iya dogon godiya ba, amma kowa ya san abin na ransa.

Buri ɗaya Bitrus yake da shi a duniya: ya tuƙa motar da ba wanda zai karɓi makullinta da yamma.

To mu talakawa ga yadda muke yin babban abu: kaɗan-kaɗan. Mutum zai sayi bandir ɗin kwano ya jingine a bayan ɗaki tun bai mallaki fili ba. Wata za ta sayi ƙofa da taga ta ajiye shekara bakwai. Ba wauta ba ce, kuɗi a hannu narkewa yake yi, kaya kuwa kullum tashi suke. Haka na haɗa kekunan ɗinkina, haka babanmu ya yi rufin gidansa, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya yi asara ba. Saboda haka da Bitrus ya ɗauki adashi a shekarar 2012, ya ga ko kusa bai kai mota ba, sai ya ce bari ya fara daga ƙasa. Ya je wurin Ekene ya ce a ba shi tayoyin bas guda huɗu, waɗanda babu kamarsu. Da Ekene ya yi tambayar nan tasa, sai Bitrus ya ce na motar maigidansa ne. Ba don cuta ya ɓoye ba. Mu mutanenmu ba ma faɗin abin da muke shiri sai ya tabbata, saboda bakin mutane.

Ya kai su gidansa a Unguwar Boro, ya ɗaga ƙafafun gado da bulo, ya tura su ƙarƙashi a cikin ledarsu. Mu uku muka sani: shi, da matarsa Becky, da ni. Duk ƙarshen wata Becky na jawo su ta share ta mayar. Ɗakin ya riƙa warin roba har a jikin zannuwanta, in muna zaune a zumuntar mata ina ji ina murmushi. Ni fa alfahari nake yi da ƙanena. In ana zancen maza marasa tanadi, a raina nakan ce ku dai bari, akwai abin da ke ƙarƙashin gado. Shekara goma sha ɗaya tayoyin nan suka yi a wurin.

Sai a 2023, da cittar gonarmu ta yi albarka, aka haɗa da abin da suka tara, Bitrus ya sayi tsohuwar bas mai cin mutum goma sha takwas. Injinta lafiya, tayoyinta kuwa sun suɗe kamar tafin hannu. Ranar Asabar, mako guda kafin Ista, ya tuƙo ta har ƙofar shagunanmu yana danna hon. Layi ya cika, masu shaguna, 'yan keke, matan zumunta da suka zo karɓar ɗinki, kowa na shafa mota yana barka. Becky ta rangaɗa guɗa. Sannan Bitrus ya buɗe bayan mota, ya sauke tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya yage ledar da hannunsa. Baƙaƙe wul, ko ɗan gashin roban nan na sabuwar taya bai karye ba.

“Nna, ka gane su?” in ji shi. “Daga hannunka suka fito. Yau asiri ya tonu.”

Da mutane suka ji labarin ajiyar sai suka ɗauki tafi. Ekene bai tafa ba. Ya gyara tabarau, ya duƙa, ya goge gefen ta farko da yatsa. Ya duba ta biyu. Ina tsaye kusa ina kallonsa. Ya miƙe ya kama hannun Bitrus ya ja shi cikin shago, ni kuma da son jin ƙwaƙwaf na bi su.

“Direba, waɗannan ba za su hau motarka ba,” in ji Ekene a hankali. “Mako na sha huɗu, dubu biyu da sha biyu. Sun mutu a ƙarƙashin gadonka.”

Bitrus ya yi dariya, a zatonsa wasa ne. “Sun mutu ina? Ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Kai da bakinka ka ce babu kamarsu.”

“A ranar babu kamarsu. Da ka faɗa mini ajiya za ka yi, da ban sayar maka ba. Robar ta bushe daga ciki, ido ba ya gani. Ka loda mutum goma sha takwas, rana ta buɗe, kwalta ta yi zafi, ɗaya za ta tashi.”

“Haba Nna. Da tsohuwar zuma ake magani.”

“Zuma ke nan. Abeg, don Allah ka saurare ni. Ka bar mini waɗannan, in ba ka huɗu 'yan bana. Ba na son komai a wurinka.”

Nan ne fuskar Bitrus ta canja. Ku tuna, shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana kwana a kan abin nan. Duk ranar da maigida ya ci masa mutunci, da su yake rarrashin kansa. Waɗanda Ekene ya nuna masa kuma sunan kamfaninsu bai kai na nasa ba, don manyan sun fi ƙarfin shagon a lokacin. Ya ce, “Wato in ba ka manya, ka ba ni ƙanana.”

Da a nan aka tsaya, na san su, da sun shirya kafin yamma. Ni ce na tsoma baki. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, to ranar ni ce bafaden. Raina ya ɓaci ganin ana neman kunyata ƙanena, ga mutane cike a waje. Na ce, “Oga Ekene, kai ba ka san ranar farin ciki ba ne? Mutumin da ya ɗauki iyalinka ya kai ɗakin uwarsa, yau rana ɗaya ba za ka yi masa kara ba? Kowa ya zo da abin arziki sai ka nemo masa aibu. In ba za ka ɗaura ba ka faɗa, ga masu faci can tsallake.”

Har yau in na tuna kalaman nan sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ekene ya dube ni, ya dubi tsallaken titi. Na san abin da ya hango: masu faci da ke auna iska da bugun sifana, su yi ta ɗurawa har sai taya ta ƙi motsi. Ya ɗauki jak ɗinsa ya fita. Shi ya ɗaura su da hannunsa, huɗun duka, ya auna iskar kowace da geji sau biyu. A iya sanina wannan ce rana ta farko da ya ɗaura tayar da ya ce ta mutu. Mutane na ta yi masa sannu da aiki, shi kuwa ya ɗauki jak ɗinsa ya koma shago.

Washegari bayan sujada fasto ya ɗora hannu a kan motar, ya roƙi Ubangiji ya kiyaye fitarta da shigarta. Ekene ɗan Katolika ne, amma ranar cocinmu ya zo ya tsaya can baya. Da aka ce amin, tasa ta fi ta kowa ƙarfi. Na juya na harare shi, a zatona gatse ne.

Ranar Alhamis muka shirya tafiya gida yin Ista, dangi cike da mota. Muna lodi sai ga Ekene da 'yar jaka, ya rufe shago, wai shi ma zai je gaida Mama. Ya shige gaba ya zauna kusa da direba. Ban taɓa yin tafiya mai gajiyarwa irin wannan ba. Allurar gudu na taɓa saba'in sai ya ce, “Direba, sassauta.” A Kujama ya sa aka tsaya, ya zagaya yana dafa tayoyi da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. A Kachia ma haka, har da zaman rabin awa a inuwa. Yara na kuka, mata na tsaki. Tafiyar awa uku ta koma biyar, muka isa lafiya. Mama ta sa aka yanka masa kaza, da aka ba ta labarin tsaye-tsayen hanya ta ce a ƙyale shi, sannu ba ta hana zuwa. Ranar Talata muka dawo lafiya.

Wannan lafiyar ita ta cuce mu. Bitrus ya samu abin ba da labari, a tasha, a coci, a teburin mai shayi, yana kwaikwayon yadda Likita ke dafa taya. Ni ma na yi dariya har da hawaye. Ya fara jigila tsakanin Sabon Tasha da Kafanchan, kullum sawu ɗaya zuwa da dawowa, kuma ba Ekene a gaba da zai ce sassauta. Dara ta mutu, don in Bitrus ya faka da yamma, idon Ekene ba ya kan wasa, yana kan tayoyi, shi kuma Bitrus ya gaji da wannan kallon. Cikin mako uku Ekene ya rame. Philomena ta ce ba ya cin abinci sai ya ji motar ta shigo gari.

Wata Laraba ya shigo shagona, abin da ba ya yi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce, “Madam Edith, yana jin maganarki. Zafi ƙaruwa yake yi. Ki ce masa ya kawo motar, ko awa ɗaya aikin ba zai ɗauka ba.” Na ce to, zan yi masa magana. Ina da ankon biki na mutum talatin a gabana, kuma gaskiya girman kai ma ya hana ni, don in na yi maganar kamar na lashe amaina ne. Bitrus ya zo ya ci tuwo a gidana ranar Alhamis. Mun yi zancen citta, mun yi zancen rufin ɗakin Mama da ke yoyo. Ban ce masa komai ba.

Ranar Asabar da sassafe na zo buɗe shago, na tarar da keke napep a ƙofa an loda masa tayoyi huɗu da jak, Ekene na tsaye kusa da shi. Waɗannan ba na shagon Ekene ba ne. Tsallaka gada ya yi ya shiga cikin gari ya nemo masu irin sunan na Bitrus sak, 'yan bana, don kada a sake cewa ƙanana. Ya ce, “Shiga mu je. Yau ko zai daina gaishe ni har abada, sai na cire su. Ke za ki riƙe mini shi.” Ban taɓa jin ya yi magana haka ba, sai na shiga ba musu.

Ranar Asabar Bitrus ba ya fita sai takwas. Mun isa Unguwar Boro bakwai saura, amma ba mota a ƙofar gida. Becky ta ce shata aka ɗauke shi, masu biki ne za su Kafanchan, tun biyar suka tafi. Ta kira shi a waya ta faɗa masa ga baƙi, ga kuma abin da suka kawo. Ina jin dariyarsa daga inda nake tsaye. Ya ce a ba Ekene wayar.

“Nna, kai dai ba ka gajiya. To na ji, ka ci. In na dawo ka yi yadda kake so.”

“Kada ka taso da rana,” in ji Ekene. “Ka bari sai la'asar. In ka taso kada ka wuce saba'in.”

“An gama, Likita. Ka ce wa Becky ta ba ka shayi.”

Ekene ya sauke tayoyin ya jera su a gindin mangwaron ƙofar gida, ya sallami mai keke. Na ce mu koma shago mu dawo da yamma, ya ce shi yana nan. Ni ma sai na kasa tafiya, na zauna ina kama wa Becky tsintar wake. Na ji sanyi a raina, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Shi kuwa shayin da aka kai masa a gabansa ya huce. Rana ta take, irin zafin nan na ƙarshen bazara da ke sa kwanon rufi ƙara, yana zaune yana kallon hanya.

Wajen uku da rabi wayar Becky ta yi ƙara. Lambar Bitrus ce, muryar ba tasa ba. Bayan garin Idon, kafin Kufana, tayar gaba ta gefen direba ta fashe, motar ta bar titi. Bitrus da fasinja biyu ba su kai asibiti ba. Daga baya muka ji cewa da ya sauke masu biki, ya cika motar da fasinja da buhuna ya taso da ƙarfe ɗaya. Abokan aikinsa sun ce ya bari rana ta yi sanyi, ya ce a'a, abokinsa na zaune a ƙofar gida tun safe yana jiransa.

Becky ta faɗi. Ni ban san abin da na yi ba, an ce na yi ta kiran sunansa na gida. Abin da na tuna shi ne Ekene ya taso ya ɗauki wayar daga ƙasa, ya tambayi mai maganar, “Wace taya ce?” Ya saurara, ya ajiye wayar a kan taga, ya koma gindin mangwaro ya zauna.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a Unguwar Boro kafin mu kai shi gida. Bitrus mai jama'a ne, kujerun haya suka kasa. Ba wanda ya san na mene ne tayoyin nan na gindin mangwaro, sai mutane suka kwantar da su suka zauna a kai. A kansu aka zauna aka yi ta ƙus-ƙus. Wa ya sayar masa da tayoyin? Ekene. Wa ya ɗaura? Ekene, a gaban kowa. Wai ashe Likitan ma tsofaffin kaya yake sayarwa. Yana nan yana jin su, yana raba ruwan leda, yana kai kujeru.

Kwana biyu ina ji ina shiru, kunya da tsoro sun ɗaure ni. A na uku, bayan fasto ya gama addu'a, na miƙe na faɗi komai: ajiyar, da gargaɗin, da abin da na ce a cikin shago, da saƙon da ban isar ba, har da tayoyin da suke zaune a kai. Mutum biyu suka miƙe daga kansu. Sauran suka yi ta gyaɗa kai suna Allah sarki. Da aka watse na ji wata dattijuwa na ce wa ta kusa da ita, “Edith akwai kirki. Maƙwabcinta ne, kara take yi masa.” Haka maganar ta zauna a Kakuri har yau. Direbobin da ke jure tambayoyinsa don sun yarda da shi sun koma tsallake. Becky ta san gaskiya, amma ba ta iya haɗa ido da shi, tun da ta ji abin da ya taso da mijinta da rana.

Da yammar wannan rana ta uku na same shi a bayan gida yana haɗa kujeru. Na durƙusa, ni da na girme shi, na ce, “Ekene, ka yafe mini. Ni na hana ka.” Sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

“Tashi, Madam. Ke ɗinki kika sani. Shi tuƙi ya sani. A cikinmu ukun nan ni kaɗai na san abin da ke cikin robar, kuma hannuna ne ya ɗaure notin.”

Na ce ai tilasta masa muka yi.

“Na ƙi wa baƙi ba iyaka,” in ji shi. “Mutum ɗaya da nake so, shi na kasa ƙi wa.”

Ya ɗora kujerun a ka ya nufi bakin titi, inda motar masu haya ke jira.